Tambayoyi da Amsoshi: Sanya Mata da Maza a Lissafi Wajen Tsara Ayyukan Gwamnati

Duk wanda ya taɓa zama a taron bita na ma'aikatar kasafi da tsare-tsare, ko na wata ƙungiyar agaji, ya sha jin ana cewa dole a "shigar da batun jinsi" cikin aikin. Wasu su gyaɗa kai ba tare da sun gane ba, wasu su ɓata rai don suna zaton an zo da wata manufa ta ɓoye. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, har da waɗanda ba a cika yin su a fili ba sai an fito shan iska.

Wai mene ne ainihin abin da ake nufi?

A taƙaice, kafin gwamnati ta kashe kuɗi a kan wani aiki, ta tsaya ta tambayi kanta: wa zai amfana, wa zai wahala, kuma amsar ɗaya ce ga mace da namiji? In ba ɗaya ba ce, sai a gyara tsarin tun yana kan takarda.

Ɗauki asibitin sha-ka-tafi da aka gina a ƙauye. Ginin ya yi kyau, an yi masa fenti, an yanka ƙyalle ranar buɗewa. Amma ma'aikacin da aka turo namiji ne shi kaɗai, yana tashi ƙarfe biyu, babu ɗakin haihuwa mai ƙofa da ke rufuwa, babu fitila da dare. A takarda an kai wa gari asibiti. A zahiri mai naƙuda ba ta samu komai ba, don naƙuda ba ta duba agogo, kuma yawancin magidanta ba za su miƙa iyalinsu ga namiji a irin wannan hali ba. Kuɗin da za a ƙara don samar da ungozoma da ɗakin kwananta da fitilar sola bai kai na katangar asibitin ba. Ba a sa shi ba ne kawai saboda babu wanda ya yi tambayar.

Tunanin ya samu gindin zama a duniya a babban taron mata da aka yi a Beijin ta ƙasar Sin a 1995, inda ƙasashe 189 suka amince da shi, Najeriya da Nijar na ciki. A 1997 majalisar tattalin arziki da zamantakewa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fayyace ma'anarsa: a auna tasirin kowace doka, manufa ko shiri a kan mata da maza, a kowane fanni, a kowane mataki.

To ba ga ma'aikatar mata ba? Kuma ba ana raba keken ɗinki da injin taliya ba?

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Najeriya ta daɗe tana da shirye-shiryen mata. Maryam Babangida ta fara shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, Maryam Abacha ta zo da shirin tallafa wa iyali a 1994, aka kafa ma'aikatar mata ta tarayya a 1995, jihohi suka bi sahu. Ba a raina abin da suka yi ba. Matsalar ita ce sun koya wa sauran ma'aikatu cewa mata ba damuwarsu ba ce. Kwamishinan ayyuka, da na gona, da na ruwa, waɗanda ke riƙe da manyan kuɗi, sai su ce ai akwai ma'aikatar da aka yi domin haka. Ita kuwa ma'aikatar matan, in ka duba kasafin kusan kowace jiha, tana can ƙasa-ƙasa cikin masu ƙaramin kaso.

Rabon keken ɗinki kuwa, kowa ya san yadda yake ƙarewa. A tara mata ɗari biyu a fili, a yi musu horon kwana uku, a ɗauki hoto. Wasu kekunan ba sa kwana a gida, a bakin ƙofar filin ake sayar da su. Ba rashin godiya ba ne. Unguwa ɗaya ba za ta ciyar da teloli arba'in ba. Da an tambayi matan, wataƙila su ce abin da ke cin ribarsu shi ne kuɗin niƙa, ko tsadar itace, ko hanyar da ke yankewa da damina har a kasa kai kaya kasuwa. Waɗannan kuwa duk aikin wasu ma'aikatu ne.

Ina ruwan titi, ko madatsar ruwa, ko kasuwa da mace ko namiji? Ai kowa ke amfani da su.

Kowa ke amfani da su, amma ba iri ɗaya ba. Akwai wani darasi daga ƙasar Gambiya da masu nazarin ayyukan raya karkara ba sa mantawa. A can noman shinkafar fadama aikin mata ne tun kaka da kakanni, kuma mace na da ɗan filin da amfaninsa nata ne. A 1984 aka buɗe babban aikin noman rani na Jahali da Pacar. Aka gyara fadamun, aka kawo famfuna, sai ikon filayen ya koma hannun masu gida, shinkafar ta zama ta gandu. Matan suka wayi gari ana bukatar su yi aiki sau biyu a shekara a filin da a da nasu ne, amfanin kuma ba a hannunsu yake ba. Da yawa suka nemi a biya su lada, wasu suka janye ƙarfinsu suka koma wani abin. Injiniyoyin ba su yi kuskuren awo ba. Abin da ba su auna ba shi ne wa ke da fili, wa ke da gumi.

Wannan ba baƙon labari ba ne a wurinmu. Duk inda aka ce a kawo takardar shaidar mallakar gona kafin a ba da taki ko bashin noma, an riga an cire yawancin mata, ko da suna da gonar gado, domin sau da yawa gonar na hannun ɗan'uwa ko miji, sunansa ne a rajista.

Har a Turai an ga irinsa. A garin Karlskoga na ƙasar Suwidin, da dusar ƙanƙara ta zubo, manyan titunan mota ake fara sharewa, hanyoyin masu tafiya a ƙasa su zo daga baya. Da aka duba, sai aka ga masu tafiya a ƙasa da masu tura keken jarirai yawancinsu mata ne, kuma su ne suka fi zamewa su karye. Aka juya tsarin, aka fara da hanyoyin ƙafa. Motar sharar ɗaya ce, kuɗin ɗaya ne.

Gaskiya dai, wannan abu bai saɓa wa addini da al'adarmu ba?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙasan duk sauran, kuma ba ta cancanci a amsa ta da raini ba. Mutane da yawa in suka ji "daidaiton jinsi" abin da ke zuwa ransu shi ne rabon gado, da shugabancin gida, da wasu ɗabi'u da addini ya haramta. Ba kuma daga sama suka tsinci tsoron ba. A watan Maris na 2016 majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin jinsi da Sanata Biodun Olujimi ta kawo, bayan wasu sanatoci sun ce sassansa, musamman na gado, sun ci karo da shari'a. Tun daga nan kalmar ta ƙara yin nauyi a kunnen ɗan Arewa. Shi ya sa malamai da yawa suka fi son a ce "adalci" maimakon "daidaito".

A ganina jayayyar kalma ta cinye lokacin da ya kamata a ba wa aiki. Mai tsara kasafin ma'aikatar lafiya ba alƙali ba ne, ba ya raba gado. Abin da ke gabansa shi ne ungozoma nawa za a ɗauka a bana. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa a duk haihuwa 100,000 a Najeriya, mata 512 ke rasa ransu. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin masu yoyon fitsari na Babbar Ruga a Katsina ya ga abin da doguwar naƙuda ba tare da taimako ba ke jawowa. Babu mazhabar da ta ce a bar wannan haka.

Hasali ma, al'adar da ake cewa ana karewa ita ce ta fi bukatar irin wannan lissafi. In muna son mace ce za ta duba mace, to sai an samu likitoci mata da ungozomomi. Ba za a same su ba sai 'yan mata sun gama sakandare da sakamakon kimiyya mai kyau. Ba za su gama ba in makarantar tana da nisan kilomita goma, babu katanga, babu banɗaki. Wani shiri da gwamnatin Birtaniya ta tallafa daga 2012 a jihohin Kano, Katsina, Jigawa, Zamfara da Yobe ya bi wannan zaren: ya ɗauko 'yan matan karkara da matan aure waɗanda sakamakonsu bai kai ba, aka ba su shekarar share fage kafin su shiga makarantun koyon jinya da ungozoma, aka gina ɗakunan kwana da wurin renon yara, da sharaɗin su koma garuruwansu su yi aiki. Masu unguwanni da limamai ne suka riƙa taya zaɓen waɗanda za a tura.

Kuma ba yau muka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo karatu ba. Sai ta tsara 'Yan Taru: ta horar da jajis, dattawan mata, ta naɗa musu malfa, su kai karatun har cikin gidaje da waƙoƙin da za a iya haddacewa. Ta dubi halin da masu bukata ke ciki ne ta gina tsarin a kansa.

Matan da ke cikin kulle ai ba sa aiki. Me za a tsara musu?

Wanda ya faɗi haka bai taɓa tambayar daga ina ƙosan karin kumallonsa ya fito ba. Man gyaɗa, ƙuli-ƙuli, daddawa, fura, awara, dafaffiyar shinkafar da ake turarawa a yankin Kura, ɗinkin hula, saƙa, kiwon awaki da kaji, adashi: duk daga cikin gida. Masu bincike sun daɗe da rubuta wannan, tun aikin da Polly Hill ta yi a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960. Abin da ya faru shi ne mai ɗaukar bayanai yakan tsaya a zaure, ya tambayi mai gida sana'ar matarsa, shi kuma ya ce "ba ta komai, tana gida." Sai a rubuta hakan. Abin da ba a ƙidaya ba kuwa ba ya shiga kasafi.

Akwai wani abu da ke biyo baya. Ƙafar wannan kasuwanci ita ce yarinya mai talla. Duk shirin da ya ce a cire ta daga talla a kai ta aji, ba tare da ya tambayi wa zai kai kayan uwar kasuwa ba, ya yanke wa uwar hanyar cinikinta ne, kuma ribar tallar ce ake tarawa a yi kayan ɗaki. Shi ya sa wa'azi kaɗai ba ya hana talla. Shirye-shiryen da suka ɗan yi tasiri su ne waɗanda suka haɗa da tallafin kuɗi zuwa hannun uwa.

Ana maganar kasafin kuɗi mai la'akari da jinsi. Wani kasafi ne daban na mata?

A'a. Kasafin ɗaya ne, tambayoyin da ake yi masa ne suka ƙaru. Ostareliya ce ta fara a 1984, Afirka ta Kudu ta ɗauka a 1995 bayan faɗuwar mulkin wariya. Yuganda ta fi kowa saka masa haƙori: dokarta ta kula da kuɗin gwamnati ta 2015 ta ce sai ma'aikata ta samu takardar shaidar cewa kasafinta ya kula da jinsi da adalci kafin majalisa ta amince da shi.

A aikace abin yana farawa ne daga takardar da ma'aikatar kasafi ke aika wa sauran ma'aikatu kowace shekara tana neman su kawo ƙiyasinsu. In aka rubuta a ciki cewa kowace ma'aikata ta nuna mata nawa da maza nawa suka amfana bara, kuma me za ta yi game da giɓin, to dole darakta ya nemo alƙaluma. Malaman gona nawa ne mata? A cikin waɗanda suka karɓi taki, nawa ne mata? Makarantu nawa ne ke da banɗakin 'yan mata da ke aiki? Gwamnatin tarayyar Najeriya ta gwada wani abu mai kama da haka a 2013, zamanin Ngozi Okonjo-Iweala na ministar kuɗi, inda aka ware ƙarin kuɗi ga ma'aikatu biyar, wato gona, lafiya, ayyuka, ruwa da sadarwa, bisa sharaɗin su nuna sakamako a kan mata da 'yan mata. Da gwamnati ta canja, shirin ya bi ta.

Sai dai duk wanda ya san aikin gwamnati ya san cewa rubuta kuɗi a kasafi daban, sakin su daban. In kuɗin shiga suka gaza, layin da ake fara tsallakewa shi ne wanda ba shi da ɗan kwangila mai bibiya. Gadar sama tana da mai bin ta ofis-ofis. Kayan haihuwa kyauta ba su da kowa.

Ina labarin kashi 35 da ake ta faɗa?

Manufar jinsi ta ƙasa ta 2006 ce ta sa burin ba wa mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai. Manufa ce, ba doka ba, don haka babu wanda aka taɓa hukuntawa a kanta. A watan Maris na 2022 majalisar tarayya ta kayar da ƙudurori biyar na gyaran tsarin mulki da suka shafi mata, ciki har da na ware musu kujeru, mata suka yi kwanaki suna zaman dirshan a ƙofar majalisa. Wata guda bayan haka babbar kotun tarayya a Abuja ta yanke hukuncin cewa gwamnati ta cika kashi 35 ɗin a naɗe-naɗenta. Ba a cika ba. A majalisar da aka zaɓa a 2023, sanatoci mata huɗu ne cikin 109, a majalisar wakilai kuma ba su kai ashirin ba cikin 360. In aka tuna cewa matan Arewa ba su samu 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, bayan ɗaurin da irin su Hajiya Gambo Sawaba suka sha a kai, za a ga tafiyar ba ta yi nisa ba.

Maƙwabciyarmu Nijar doka ta yi. A 2000 ta wajabta kashi 10 a kujerun zaɓe da kashi 25 a naɗe-naɗe, a 2019 ta ɗaga zuwa 25 da 30. Majalisar 1999 mace ɗaya ce a cikinta, ta 2004 kuwa mata 14.

Ko kujera na canja abin da ake kashe wa kuɗi? Shaida mafi ƙarfi daga Indiya take, inda aka ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na shugabancin majalisun ƙauyuka tun farkon shekarun 1990. Binciken masaniyar tattalin arziki Esther Duflo da abokin aikinta a jihohin Bengal ta Yamma da Rajastan ya gano cewa ƙauyukan da mace ke shugabanta sun fi zuba kuɗi a ruwan sha. Amma kada a ruɗe. Kujerar da aka ba wa matar wani babba ko 'yarsa don a cika lissafi ba lallai ta san farashin jarkar ruwa ba.

Maza fa? Ko su ba jinsi ba ne?

Su ma ana lissafa su, in aikin na gaskiya ne. Almajiran da ke gararamba a titunan birane yara maza ne. Waɗanda shaye-shaye da daba da 'yan bindiga suka fi ja, samari ne. Tsarin ilimi da ya dubi jinsi da idon basira zai ga yarinyar da aka cire don aure, ya kuma ga yaron da aka tura birni da kwano.

Sannan ba a gyara lamarin mata a bayan idon maza. A yankin Damagaram, a ƙarshen shekarun 2000, aka fara abin da ake kira makarantar mazaje: magidanta da ake ganin girmansu su riƙa zama suna tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti, su ja hankalin 'yan'uwansu. Dalilin a fili yake. Wanda ke ba da izinin fita da kuɗin mota shi ne mai gida. A Najeriya kuma an yi irin wannan da direbobin ƙungiyar sufuri ta tasha, waɗanda aka horar su riƙa kai masu naƙuda asibiti cikin dare.

Ba kuɗin Turawa ne kawai ke tura abin ba?

Akwai gaskiya a ciki. Ofisoshi da yawa suna da "jami'in jinsi" ne don mai ba da tallafi ya ce sai da shi, kuma ranar da tallafin ya ƙare teburin ke zama wurin ajiye tsofaffin fayiloli. Na taɓa halartar wani taron jin ra'ayin jama'a a wata ƙaramar hukuma inda aka jera mata a baya can, aka zaga da takarda suka dangwala hannu, aka rubuta cewa kashi arba'in na mahalarta mata ne. Babu wadda aka miƙa wa makirufo.

Amma a lura da abu biyu. Na farko, wani kuɗin ba kyauta ba ne. Shirin AGILE na karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 da dala miliyan 500 don jihohi bakwai, ciki har da Kano, Kaduna, Katsina, Kebbi da Borno, bashi ne. Jikokinmu za su biya, don haka muna da haƙƙin mu je mu ƙirga azuzuwa da banɗakunan da aka ce an gina. Na biyu, ba kullum dabarar ke zuwa daga waje ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a Maraɗi a 1991 da taimakon ƙungiyar agaji ta CARE, a kan adashin da mata suka saba aka gina su: asusu mai makulli, zubi kowane mako, rance da ɗan riba, rabo a ƙarshen shekara. Daga Maraɗi tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, da sunansa na Hausa a tarihinsa.

Ni da ba ma'aikacin gwamnati ba, ta yaya zan gane ko ana yi da gaske a jiharmu?

Kada ka tsaya a jawabin gwamna ranar mata ta duniya. Yawancin jihohi yanzu suna sanya kasafinsu da rahoton kashe kuɗi na kowane wata uku a intanet. Nemo na ma'aikatar lafiya, ko ta ilimi, ko ta gona, ka kwatanta abin da aka rubuta da abin da aka saki. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar rubuta wa hukumar tarayya takarda kana neman bayani, kuma kwana bakwai doka ta ba ta ta amsa.

In wannan ya yi maka nisa, fara da mazaɓarka. Asibitinku yana da kwamitin ci gaban mazaɓa, makarantar firamare tana da kwamitin gudanarwa na al'umma, kuma ƙa'ida ta ce a sa mata a cikinsu. Tambayi sunayensu, da ranar da suka yi zama na ƙarshe, da ƙarfe nawa aka yi shi, domin taron da aka sa bayan isha'i a ƙofar gidan dagaci an riga an san waɗanda za su halarta. Sannan ka je asibitin da kanka wajen ƙarfe goma na dare, ka ƙwanƙwasa, ka ga ko akwai ungozomar da za ta buɗe.